Ƙwan Zabin Pélébina a Daron Inna

A gidanmu na Zongon Parakou, ƙwai ba ya shiga tukunya sai ya bi ta cikin daron Inna. Daro ne na ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ya girme ni nesa ba kusa ba. Sana'ar Inna dafaffen ƙwan zabi ce, tana kai shi bakin kasuwar Arzèkè da ɗan yajinta ƙulli-ƙulli, kuma tun da na yi wayo hukuncinta bai taɓa canzawa ba. Za ta cika daro da ruwa ta riƙa sakin ƙwai a ciki. Wanda ya nutse ya kwanta a gindi sabo ne, shi za a kai wa mutane. Wanda ya nutse amma ya tsaya a tsaye ya kwana biyu, mu 'yan gida za mu ci abinmu. Wanda ya taso ya leƙo saman ruwa kuwa ko kallo na biyu ba ya samu, kafin ka ƙifta ido yana cikin bokitin shara.

Ban taɓa ganin mai saurin hannu irin Inna ba. Hannu ɗaya na saki, ɗayan na tsamewa, baki kuma na faɗa da wani a can ƙarshen gida. Ruwan daron nan bai san hutu ba, kullum cikin tangal-tangal yake har a gama a zubar da shi.

Ina lise, wato makarantar sakandare, malaminmu na kimiyya ya yi mana darasin abin da ke sa abu ya nutse ko ya taso. Ya ce duk abin da ka tsoma a ruwa sai ya ture ruwa don ya samu wurin zama, ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da aka ture. In abin ya fi ruwa mai girmansa nauyi, ya tafi ƙasa. In bai kai ba, ya zauna a sama. Shi ya sa allura ke nutsewa, daron ƙarfe kuma ya yi ta yawo a kan rafi, don cikinsa iska ce. Ƙwai kuwa ɓawonsa na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Kullum ɗan ruwan cikinsa na fita, iska na taruwa a wajen gindinsa mai faɗi. Girmansa na nan yadda yake, nauyi ne ke raguwa, har ranar da ruwa zai iya ɗaga shi.

Na dawo gida kaina kamar zai fashe don ilimi. Na tarar da Inna a bakin daro.

"Inna, kin san me ya sa ruɓaɓɓen ƙwai ke tasowa?"

"Don ya ruɓe," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na ɗauko kwano na zuba ruwa, na juye gishiri mai yawa na dama, na zaɓi ƙwai daga cikin waɗanda suka kwanta a gindin daro na saka. Sai ga shi ya taso yana lilo. Na ce mata gishiri ya ƙara wa ruwan nauyi, shi ya sa ya iya ɗaga ƙwai mai kyau. Inna ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Yanzu ke 'yar lakwal, sarkin boko, gishirina kika ƙarar don ki yi wa ƙwai mai gaskiya ƙage? Bon. Ranar da kika ga na sa gishiri a darona, ki zo ki koya mini."

Ta ɗauki ruwan gishirin ta juye a tukunyar miya don kada ya tafi a banza. Baba na zaune a gindin mangwaro yana jinmu, ya yi ta dariya har sai da aka miƙa masa ruwa. Ranar kowa ya ci tuwo yana ɓata fuska, ni kuwa aka hana ni cewa uffan.

Baba dillalin shanu ne, babu kara a ƙasar Borgou da bai taka ba. Mutum ne dogo mai murya, in ya yi sallama a ƙofar gida maƙwabta ma sai sun amsa. Tansiyo, wato hawan jini, ya daɗe yana binsa, shi kuma ya ce ƙwayar magani ba ta kai ta hana shi cin kitse ba. Wata safiya ya faɗi a kara, aka kai shi asibiti, ya dawo mana ɓarin jikinsa na hagu a shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Likita ya gaya wa Inna a gabana cewa ƙafar za ta iya dawowa in ya dage da motsa ta a cikin watannin nan, in kuwa ya kwanta, to ta tafi ke nan. Baba kuwa ya kwanta. Mai gasa masa jiki ya zo ya zo har ya gaji, ya bar masa wata 'yar ƙwallon roba da zai riƙa matsawa, Baba ya ture ta ƙarƙashin gado. Abokansa na kara in sun zo dubiya sai su ƙi yin zancen shanu a gabansa don tausayi, shi kuma ya juya fuska bango har su tashi. Na ji haushinsa a lokacin, haushi sosai, kuma ina jin tsoro fiye da haushin.

Da damina ta kama, zabi suka fara zuba ƙwai a daji, Inna ta ce dole ta leƙa Djougou inda take saro kayanta, don ta daɗe ba ta je ba. Ina hutu, sai ta tafi da ni, muka bar Baba a hannun yayana da matarsa. A gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, muka sauka. Gwaggo man kaɗe take yi, kuma tsakaninta da Inna wasa ne da ba ya ƙarewa. Muka same ta durƙushe a kan babbar roba, hannunta har gwiwa a cikin niƙaƙƙiyar ƙwara, tana bugu tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Can sai wani farin abu mai kauri ya fara rabuwa ya hau sama, jan ruwa da tsaki suka koma ƙasa. Gwaggo ta kwaso farin da tafin hannu biyu ta ɗaga wa Inna.

"Matarmu, zo ki gani. Ke kin ce duk abin da ya taso shara ne. To nan gidan na saman muke kwashewa, na ƙasan mu zubar."

"Naki mai ne, nawa ƙwai," in ji Inna. "Kowa ya tsaya a robarsa."

Na buɗe baki zan ce mai ya fi ruwa sauƙi ne shi ya sa, su biyun suka ce in je in hura wuta.

Washegari da hantsi wani tsohon Bafulatani ya yi sallama. Abokin cinikin Baba ne tun suna samari, daga ƙauyen Pélébina ya taso da ya ji mun zo. Ya daɗe yana tambayar jikin Baba, yana kaɗa kai. Sannan ya kwance wata ƙwarya daga cikin tsumma ya ajiye a gaban Inna. Ƙwan zabi ne a jere cikin ƙaiƙayi.

"Hajiya, waɗannan ba na tukunya ba ne. Na zabina ne, na gida. Ki ce masa saniya ba ta shiga taksi, shi ya sa na aiko masa da garken da zai iya kiwo daga kan tabarma. A samu kaza ta kwanta musu."

Yana fita na ga idon Inna na neman inda ruwa yake. Gwaggo ta buge mata hannu, ta ce ƙwan kwanci ba a jiƙa shi. Haka Inna ta rungume ƙwaryar nan a cinya tun daga Djougou har Parakou, duk ramin da mota ta faɗa sai ta yi wa direba tas, tana cewa dusuma, a yi a hankali, ba buhun doya ya ɗauko ba. Mai zem, ɗan acaɓan da ya kai mu gida daga tasha ma bai tsira ba.

Na isar wa Baba da saƙon kalma-kalma yadda aka faɗa. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo ya sa hannun dama ya ture ƙaiƙayin, ya ɗauki ƙwai ɗaya ya riƙe. Sai ɓarin bakinsa mai lafiya ya motsa, na ji wani sauti da na kasa gane ko dariya ce ko kuka. Ya ce, "Kaza." Maƙwabciyarmu na da wata baƙar kaza da ta fara kwanci, ta ara mana, aka jera mata ƙwan a akurki.

Daga ranar gidan ya sake. Baba ya sa aka juya akurkin yadda zai hango shi daga ɗaki. Bayan kwana biyu ya ce a jawo tabarmarsa bakin ƙofa. Can kuma ya ce a kama shi a kai shi gindin mangwaro, wai daga ƙofa ba ya ganin ko kazar ta ci abinci. Wata rana na tarar da 'yar ƙwallon robar nan a hannunsa na hagu, yana danna yatsun da hannun dama, ya ga na gani ya harare ni. In baƙi sun zo ya nuna musu akurki da haɓa ya ce, "Garke." Tsayuwa dai sai an riƙe shi ta gefe biyu, amma Inna ta koma faɗa da kowa da ƙarfinta, mu kuma muka san sauƙi ya fara samuwa.

Abin da babu wanda ya sani a cikinmu shi ne ƙwan zabi ya fi na kaza daɗewa kafin ya fashe. Baba zai gaya maka shekarun bijimi da kallon haƙoransa. Inna ta dafa ƙwan zabin da zai cika ɗaki. Amma mu mutanen gari ne, babu wanda ya taɓa ganin zabo ya fito daga ɓawo. Lokacin ƙyanƙyasar kaza ya yi, ya wuce, shiru. Maƙwabciya mai kazar ta leƙo ta ce ita dai kazarta ba ta taɓa wuce haka ba, watakila girgizar mota ta kashe su, sun zama baragurbi. A gaban Baba ta faɗa, Allah ya yafe mata. Da yamma ya ce a mayar da shi ɗaki, washegari kuma ya ƙi fitowa. Da na kai masa koko na tarar fuskarsa na kallon bango.

Inna ta ja ni madafa ta yi ƙasa da murya, abin da ba ta saba ba.

"Na san mai 'yan tsakin zabi a bayan Arzèkè. In ƙwan nan sun mutu, zan sayo in cusa wa kazar, in watsa ɓawo a gefe. Ba zai gane ba. Amma sai na tabbata tukuna."

"Yaya za ki tabbata, Inna?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta.

Bayan azahar, lokacin da Baba kan yi barci, muka tashi aiki. Akwai ruwa a daro tun safe, rana ta buga shi ya yi ɗumi, Inna ta jawo shi bakin akurki. Ni aka ba riƙon kaza. Kazar nan kuwa ta ɗauki kururuwa kamar ana yanka ta, tana sarana a hannu, na toshe mata baki ta fizge. Inna ta saki ƙwai na farko, ya taso. Na biyu ya taso. Ta yi ta saki har akurki ya zama wayam, babu ko ɗaya da ya nemi gindin daro. Duk suna sama, gindinsu ya leƙo, suna karo da juna.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Na ce mata ƙwan da ya daɗe a ƙarƙashin zafin kaza dole iskarsa ta yi yawa, dole ya taso, tasowar ba lalle ta nuna ya mutu ba. Ta ce to me zai nuna yana da rai? Iyakar abin da na sani ke nan. Ta jawo bokitin shara kusa.

Sai muka ji wani sauti a bayanmu, bugu ɗaya, sannan jan abu a ƙasa. Muka waiga. Baba ne a tsakar gida, shi kaɗai. Kukan kazar ya tashe shi, ya dafa bango ya fito, ya samu taɓaryar Inna a jingine a bakin ƙofa ya mai da ita sanda. Yana dasa taɓarya, ya jawo ƙafar hagu, ya sake dasawa, gumi na zuba masa. Babu wadda ta iya motsi a cikinmu. Ina tsaye da kaza a hammata ina kallon ubana yana ratsa tsakar gidansa. Ya iso ya zube a kan turmin da ke kife kusa da daro, yana haki.

"Malam," in ji Inna, "ɗan wanke su nake, ƙura ta..."

Ba ta ƙarasa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon daron nan daga gindin mangwaro ba a yi masa wannan ƙaryar. Ya dubi ƙwan da ke yawo a sama, ya dubi bokitin. Fuskarsa ta yi wani iri da ba na son tunawa. Inna ta ga gara a gama da wuri, ta miƙa hannu za ta fara tsamewa. Ya riƙe mata wuyan hannu da hannunsa na dama.

"Bari," ya ce. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin sauran ta fito. "Ruwa... ya kwanta."

Daga baya na tambaye shi ko ya san abin da zai faru. Ya ce ina, shi dai bai so a jefar da su da gaggawa ba ne, yana so ya ɗan kalle su. Inna ba ta taɓa barin ruwa ya kwanta ba, amma hannunta na riƙe, babu yadda za ta yi. Muka zuba wa daro ido mu uku. Tangal-tangal ɗin ya ragu, ƙwan suka daina karo, ganyen mangwaro ya fito sarai a fuskar ruwan. Har kazar ta yi shiru.

Sai wani ƙwai a gefe ya yi ɗan sunkuyo ya dawo. Babu iska, babu wanda ya taɓa daro. Wani siririn zobe ya tashi daga jikinsa ya tafi har bakin ƙarfe. Na ɗauka idona ne. Ya sake yi, da ƙarfi wannan karon, kamar an ture shi daga ciki. Na kusa da shi ma ya girgiza, can tsakiya wani ya juya a hankali.

"La'ilaha illallahu," in ji Inna. "Malam, suna motsi! Wallahi suna motsi!"

Ɗan tsakon ne ke shure-shure a ciki. In ƙwai na ajiye a ƙasa ko a tafin hannu, wannan ɗan motsin ba ya isa ya gusar da shi. Amma a ruwa yana rataye ne, ruwan ya ɗauke masa nauyinsa duka, ko ƙaramin shuri sai ya nuna. Na ji daga baya masu kiwo sun san wannan gwajin, da ruwan ɗumi suke yi kuma ba sa daɗewa. Wajen mako guda bayan ranar suka fashe, ba duka ba amma da yawa, suka girma suka addabi unguwa da kuka har maƙwabciya ta yi da-na-sanin aron kazarta.

A ranar dai Inna ta tsame su ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, a hankali, ban taɓa ganin ta yi wani abu a hankali haka ba. Tana goge kowanne da gefen mayafinta tana mayarwa akurki, har waɗanda ba su motsa ba. Na saki kaza ta koma ta baje a kansu, ta sari Inna a yatsa, Inna ba ta ko zage ta ba. Tana miƙewa idonta ya sauka a ƙafafun Baba. An yi ruwa da safe, tsakar gida duk laka, ga ƙafafunsa caɓa-caɓa.

"Yanzu Malam haka ka fito ba takalmi? A cikin wannan sanyin? So kake ka ƙara mini wani aikin?"

Ta shige ɗaki tana ta faɗa. Ta daɗe ba ta fito ba, sai na bi ta. Na same ta ta sauke akwatunan da ke kan juna, ta buɗe na can ƙasa, wanda ake ajiye kayan da aka gama da su. Takalman Baba na zuwa kara na ciki, a naɗe a leda. Tun makon da aka dawo da shi daga asibiti ta ɓoye su a nan, ba ta gaya wa kowa ba. Tana zaune a bakin gado tana kankare musu fumfuna da gefen zaninta, hawaye na zuba a kan fatar.

"Kada ki gaya masa inda na ajiye su," ta ce.

Ta share fuska ta fita, ta durƙusa a gaban turmi, ta wanke masa ƙafafu da sauran ruwan daron, ta sa masa na dama, ta yi ta fama da na hagu har ya shiga.

"Ya matse," in ji Baba.

"Ƙafar ce ta manta shi. Sai ka riƙa sawa kullum."

Washegari da sassafe ina kwance na ji takun takalmin a tsakar gida, ɗaya da ƙarfi, ɗaya yana ja, ya nufi wajen akurki.